Giwa Ta Cika Hoton

3 ga Fabrairu

Autana,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga mahaifiyarka. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, da kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ka sani, ita ma da sauƙi. Yayarka da mijinta da yaran duk suna gaishe ka.

Da hannuna nake rubuto maka kamar kullum. Yayarka ta ce me ya sa nake wahalar da kaina tunda akwai waya. Na ce mata wace wayar? Wadda sai ka ƙetare rafi ka hau tudu kafin ka samu layi, muna cikin "kana ji na, ina jin ka" ta yanke, ga mutanen gida sun kewaye ni kowa ya baza kunne? Ban yi shekara uku a ajin manya ina koyon haɗa baƙi, ga furfura a kaina, don wani ya riƙa shiga tsakanina da kai ba.

Hoton da ka aiko ya iso. Giwa kam na gan ta, ta cika takardar. Kai ne ban gani ba. Yayarka ta ɗora yatsa a can gefe ta ce ga ka nan a jikin mota. Na kai shi bakin taga na jujjuya, abin da na iya gani hula ce da inuwa a ƙarƙashinta. Wanda ya ɗauki hoton nan giwa ya je ɗauka. Shekara shida rabona da fuskarka, an tashi an aiko mini da giwa.

Kuma me ya kai ka tsayawa kusa da ita haka? Ka ce mini aikinka tuƙi ne, kana kai baƙi masu yawon buɗe ido cikin gandun daji su kalli namun daji. To ai tuƙi a cikin mota ake yin sa. Marigayi babanka ko karen maƙwabta ba ya yarda ka matsa kusa da shi, ban san inda ka ɗauko wannan ƙarfin halin ba.

Ina so ka faɗa mini yadda ake tafiyar nan tun daga farkonta. Me kake gaya wa baƙin kafin su shiga mota? Me suke sawa, me suke ɗauka? Ka rubuta dalla-dalla, don in na zauna ina tunaninka in samu abin tunawa, ba zaki kaɗai ba. Ka kuma faɗa mini abin da kake ci da inda kake kwana. Kada ka ce mini "komai lafiya" ka rufe takarda, wannan ba amsa ba ce.

Idona yana ɗan yi mini nauyi kwanakin nan. Na je asibiti an ba ni maganin ɗigawa. Tsufa ne.

Allah ya tsare gabanka da bayanka.

Innarka


28 ga Fabrairu

Inna,

Na gaishe ki da kyau, ina fata gwiwa ta ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau. Ki gaishe da Yaya da maigidanta, ki ce wa yaran kawunsu yana nan bai zama abincin zaki ba.

Na yi dariya da maganar giwa har Kuku ya leƙo yana tambaya lafiya. Shi ne mai dafa wa baƙi abinci, ɗaki ɗaya muke kwana a bayan kicin. Ɗakin gado biyu ne da ƙusa huɗu a bango, biyu tawa biyu tasa. Minsharinsa ya fi injin motata ƙara. Sai baƙi sun gama ci sannan mu ci, yawanci shinkafa ce da abin da suka rage.

Tunda kin ce ba kya son "komai lafiya", to ga shi. Zama a ƙasar mutane gajiya ce wadda ba ta da suna. Shekara shida ina jin harshensu, amma da na buɗe baki a kanti sai mai kanti ya fara yi mini magana a hankali kamar da ƙaramin yaro. Baƙi ba sa iya faɗin sunana, "direba" suke kira na, wasu ma tafi kawai suke yi. Ofishin takardar izinin aiki kuwa, ba a magana. Sun ce in kawo hoto da takardar likita. Kafin layi ya zo kaina takardar likita ta tsufa. Na sake wata, suka ce hoton ya wuce wata shida. Na sake hoto, matar da ke tagar ta tafi hutu. Ana dai kan sabuntawa.

Abin da nake gaya wa baƙi kuma, ga shi. Tun kafin su baro gida su yi allurar shawara su riƙe katin, don ana tambayarsa a filin jirgi, su kuma fara shan maganin zazzaɓin cizon sauro. Kaya masu launin ƙasa za su sa. Fari yana korar dabbobi, baƙi da shuɗi kuma tsando ke bi, cizonsa kamar an soka allura. Takalmi rufaffe, kuma a kakkaɓe shi da safe kafin a sa ƙafa saboda kunama. Rigar sanyi dole ce, don da asuba muke fita, sai hantsi zafi ya taso. Ban da turare. Ba a zuwa da akwati, jaka mai laushi ake so wadda ba ta wuce kilo goma sha biyar ba. A cikin daji ba a sauka daga mota, ba a miƙa hannu waje, ba a ɗaga murya, kuma ba a shiga tsakanin giwa da ɗanta. Ki daina tsoron zaki, Inna, barci ne aikinsa. Ɓauna da dorina su ne mugaye.

Lokacin da ya fi kyau daga Yuni ne zuwa Agusta. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ta kwanta, dabbobi duk sun taru a bakin ruwa. Wallahi duk tsohuwar da na ɗauka a motata sai in ga kamar ke ce. Ranar da za ki zo, kujerar gaba taki ce, kusa da ni, ba mai zama a kanta. Zan kai ki bakin tafkin da giwaye ke shan ruwa in kashe mota, ki kalle su har ki gaji.

Ruwa ya kusa sauka a nan. In ya sauka rafi yakan cika, hanya ta yanke, a rufe sansanin, mu zauna gyaran motoci. Motar kayan abinci da ke kawo mana wasiƙu takan yi wata biyu ko fi ba ta shigo ba, tudun waya ma yana can ƙetare. In kin ji shiru ba wani abu ba ne.

Ki riƙa ɗiga maganin idon nan a kan lokaci.

Ɗanki, Auta


26 ga Maris

Autana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, yau ma har na manta da gwiwa.

Takardarka ta zo ranar Litinin. Sau huɗu na karanta ta, wurin kujerar gaba kuwa ban san iyaka ba. Na kira yayarka na ce Auta ya sa mini lokaci, daga Yuni zuwa Agusta. Ta karɓa ta karanta ta ce, "Inna, cewa ya yi ranar da za ki zo. Bai ce ki zo ba." Na ce ni aka rubuto wa ko ke? Wanda ba ya son ka zo zai zauna ya faɗa maka har nauyin jakar da za ka ɗauka? Ta ce ai ni na tambaya. Na ce na tambaya, shi kuma ya gane abin da nake nufi, ɗana ne.

Na riga na fara shiri. Mijin yayarka ya kai ni ofishin fasfo, an ɗauki hotona da yatsuna. Mai ɗaukar hoton sai cewa yake in kalli ɗan jan hasken nan, ni kuwa ban ga wani haske ba, sai da ya kama haɓata ya juya. Allurar shawara an ce sai ranar Alhamis ake yi. Na kai wa telan bakin titi yadi mai launin ƙasa na ce ya yi mini dogayen riguna biyu da mayafi. Ya ɗaga yadin ya ce, "Inna, aikin soja za ki shiga?" Na ce wurin ɗana za ni, in ga giwa ido da ido. Ya ce to in ɗauko masa ƙaramar guda ɗaya ta riƙa taka masa keken ɗinki.

Mijin yayarka ya ce sai kamfaninku ya aiko da takardar gayyata mai hatimi kafin a buga mini biza. Ka yi wa Manajanku magana da wuri, ka gaishe shi ka ce mahaifiyarka ta gode da riƙon da yake yi maka.

Wani abu kuma. Likitan ido ya ba ni rana, goma sha biyu ga Mayu, wai ɗan aiki zai yi mini. Na tambaye shi, bayan aikin fa? Ya ce wata uku ba doguwar tafiya, kuma kowane mako sai ya duba ni. Na lissafa da yatsu, Yuni, Yuli, Agusta. Na ce ya ba wa wani ranar, ni sai na je na ga ɗana da giwayensa na dawo. Ya cire tabarau ya ce, "Inna, ciwon nan ba ya jira." Na ce ɗana ma shekara shida yana jira. Yayarka ba ta shiga da ni ba, na ce mata likita ne ya ɗaga. Kada ka gaya mata, surutunta ya ishe ni.

Tambaya ɗaya. Man zafin da nake shafa wa gwiwa yana da ƙamshi sosai. Shi ma turare ne a wurin dabbobin?

Innarka


21 ga Mayu

Autana,

Sallama. Ina fata kana lafiya. Na san ka ce ruwa, amma shirun ya yi yawa.

Fasfo ya fito. Na yi allura, katin yana cikin jaka. Riguna sun dawo daga wurin tela. Takalmin rufaffe yana matse ni, ina sa shi a tsakar gida don ya saki. An auna jakar a kan sikelin mai kanti, kilo tara.

Takardar gayyata kaɗai nake jira. Kullum ina aika a duba akwatin gidan waya.

Ranar likita ta wuce.

Ba zan tsawaita ba. Ka amsa.

Innarka


19 ga Yuni

Inna,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa kina lafiya. Jiya mota ta samu shigowa. Takardunki biyu tare aka ba ni, ta Maris da ta Mayu. A tsaye na karanta su a bakin gareji, da na gama sai na zauna a kan taya.

Inna, ki yafe mini. Yaya ce ta karanta daidai. Ban sa miki lokaci ba. Kin tambayi abin da nake gaya wa baƙi na faɗa miki, maganar kujerar gaba kuma buri ne kawai na bakina, irin wanda mutum ke yi in ya gaji. Da na san haka za ki ɗauke ta da na yanke hannuna kafin in rubuta.

Ga gaskiyar da na ɓoye miki. Da na ce ana kan sabunta takardata, ba ƙarya na yi ba, amma shekara biyu ke nan ana kan sabuntawar. Izinin aikina ya mutu tun tuni. Fasfona yana hannun kamfani tun ranar da na fara aiki. Mutumin da shi kansa ba shi da takardar zama ba ya gayyatar kowa. In na shiga gari sayen kayan mota, ta bayan kasuwa nake bi don kada in haɗu da masu duba takardu. A cikin daji ne kaɗai nake sakin jiki, don ɓauna ba ta tambayar kati.

Duk da haka na gwada. Yau da safe na sami Manaja yana shan shayi na ce mahaifiyata tana son zuwa. Ya ce, "Madalla, ta yi rajista kamar kowane baƙo." Na ce takardar gayyata nake nema. Ya dube ni ya ce, "Da sunan wa zan rubuta? A takarda ai kai ba ka nan." Sai ya miƙo mini makulli ya ce baƙi shida suna jira.

Kada ki zo, Inna. Ko an bar ki kin shigo, ina zan sa ki? Tsakanina da Kuku?

Na ga takardarki ta biyu. Baƙaƙen manya-manya, layi huɗu ya cika shafi, kamar kina yi mini tsawa. Ba ki taɓa rubuto mini gajeriyar takarda haka ba, ko addu'a ba ki sa a ƙarshe ba. Na san fushi kike, kuma kina da gaskiya. Ki yi faɗan duka, zan ɗauka.

Wane irin aiki ne likitan ya ce zai yi? Kin ce ɗan aiki ne. Ko ma mene ne, ki koma ya sake ba ki rana tunda tafiya babu. Man zafi kuma ba turare ba ne, da an bar ki da shi.

Ɗanki, Auta


24 ga Yuli

Autana,

Sallama a gare ka. Jiki da sauƙi, ana cin abinci. Yayarka tana gaishe ka, ta ce ba za ta ce komai ba, kuma tun safe take faɗin abin da ba za ta ce ba.

Ba fushi nake ba. Ban taɓa yi maka tsawa a takarda ba, ban ma san yadda ake yi ba. Baƙaƙen sun girma ne don in ba haka ba ba na ganin abin da na rubuta. Takardar ta gajarta don in na daɗe ina kallon farin shafi kaina yana sarawa. Addu'a kuwa na yi ta, takarda ce ta ƙare.

Tunda ka faɗi taka gaskiyar, ga tawa. Ciwon sunansa hawan jinin ido. Tun watan Janairu likita ya ce na hagu ya riga ya tafi. Na dama ne yake so ya yi wa aiki, kuma ya faɗa mini a fili cewa aikin ba ya dawo da abin da ya tafi, sai dai ya tsare abin da ya rage. Na ji shi sarai. Lissafina shi ne, in aka shiga idon nan da wuƙa aka samu kuskure, shi ke nan ban gan ka ba. Gara in je in gan ka da ɗan abin da ya rage, bayan nan su yi yadda suke so. Ba kai ka sa ni ba. Ni na karanta abin da nake so in gani.

Da takardarka ta zo na koma asibiti, wannan karon da yayarka. A can ta ji komai. Da muka fito ta zauna a kan dakali ta rufe fuska da mayafi. Likitan bai yi mini gori ba. Ya haska ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Inna, kin ga giwar?" Na ce tafiya ta fasa. Ya ce layi ya yi tsawo, rana mafi kusa ita ce ashirin ga Oktoba.

Yanzu gani na kamar mai leƙe ta cikin bututu ne. In na kalli fuskar yayarka, sai in zaɓa, ko ido ko baki. Kowane mako bututun yana ƙara tsukewa. Jiya na zuba ruwan zafi a gefen kofi.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka je wurin mai hoto na gaske, ba baƙonka ba. Ka cire hula. Fuska kaɗai, babba, ta cika takardar yadda giwar nan ta cika. Ba mota, ba itace, ba komai a bayanka. Ka aiko da wuri. Zan bi ta kaɗan-kaɗan da bututun nawa har in haɗa ta.

Maganar takardunka kuma, shekara biyu kana bin bayan kasuwa kana rubuto mini labarin minsharin Kuku. Ni da kai ba mai yi wa wani faɗa.

Allah ya fitar da kai. Ka ga na sa addu'ar.

Innarka


12 ga Satumba

Inna,

Ina gaishe ki. Ban san yadda zan tambayi lafiyarki ba bayan abin da na karanta.

Takardarki ta same ni tsakiyar watan Agusta, lokacin da baƙi suka fi yawa. Fita biyu kullum, ba hutu ko na yini ɗaya. Na roƙi Manaja kwana ɗaya in shiga gari, ya ce in bari baƙi su ragu. Na ce to ya ba ni fasfona in tafi gida gaba ɗaya, mahaifiyata tana makancewa. Ya ce fasfo yana wurin lauyan kamfani a babban birni. Ya ce, "Ko na ba ka, a filin jirgi za su tsare ka. Shekara biyu ba izini, sai ka yi watanni a ɗaki kafin a waiwaye ka. Ka yi haƙuri, ana kan magana." Inna, tun zuwana ake kan magana.

Kuku ya ce akwai masu ƙetarar da mutane ta daji da ƙafa, kwana huɗu zuwa iyaka. Makanikenmu na da ta nan ya bi bara. Har yau ba wanda ya ji labarinsa, ko mai daɗi ko marar daɗi. Na san dajin nan fiye da shi. Ina tunani.

Sai shekaranjiya na samu shiga gari. Mai hoton ya ce girman da nake so ba ya da takardarsa, sai da na zaga wuri uku. Na cire hula kamar yadda kika ce. Ya yi ta cewa in yi murmushi, na gwada, ya ce in bari kawai, na farkon ya fi. Na sa shi tsakanin kwali biyu don kada ya lanƙwashe. 'Yan gidan waya sun ce mako uku zai yi a hanya, in an yi sa'a.

Makon jiya na ɗauki wata tsohuwa da ɗanta. Ya riƙe mata madubin hangen nesa yana nuna mata raƙumin dawa, tana cewa ina, ina, yana juya mata kai da hannunsa. Na wuce mararrabar da zan juya, sai da baƙin suka yi mini magana.

Ki riƙe idon nan, Inna, hoton yana hanya.

Ɗanki, Auta


9 ga Nuwamba

Autana,

Sallama. Ina nan da rai da sauran lafiya. Yayarka ta dawo da ni gidanta, an ba ni ɗakin da ke kusa da ƙofa.

Na ɗora rula a kan takarda ina bin gefenta, in na kai ƙarshe in sauke ta kaɗan. In ka ga baƙaƙe sun hau kan juna ka yi haƙuri ka raba su. Ban bar kowa ya duba ba.

An yi aikin. Likita ya ce ya yi kyau, ya tsare abin da ya samu. Abin da ya samu shi ne ina gane rana da dare, ina kuma gane inda taga take.

Hoton ya yi mako shida a hanya. Ya iso bayan an cire mini bandeji da kwana uku. Na ce a kai ni bakin taga. Na riƙe shi kusa, na riƙe shi nesa. Yayarka ta ce na juya shi kai a ƙasa, ta gyara mini. Ta ce ka tara gemu, akwai furfura biyu a ciki. Ta ce akwai tabo a girarka ta hagu, ni ban san da shi ba. Ta ce ka yi ƙiba, amma muryarta ba ta yi kama da mai faɗin gaskiya ba. Na shafa shi da hannu. Santsi ne kawai, ko'ina ɗaya. Yana ƙarƙashin matashina tare da na giwar, ba na bambance su sai ta girma.

Maganar daji da ƙafa, ban yarda ba. Kai ka ce mini ba a sauka daga mota. Abin da za ka yi gaggawar dominsa ya riga ya wuce, saboda haka ka zauna inda kake, ka ci gaba da bin layin ofishin nan. In ka bi ta daji ban yafe ba.

Daga yau yayarka ce za ta riƙa karanta mini takardunka. Ka rubuta abin da ba ka damu ta ji ba. Ni ma wannan ce ta ƙarshe da hannuna, rular nan tana ba ni wahala. Shekara uku na yi ina koyo, na yi shida ina mora. Ba laifi.

In Allah ya sa wata rana sun sake ka, ga yadda ake zuwa wurina. Kada ka zo ba sanarwa don ka ba ni mamaki, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Ka yi magana tun daga bakin ƙofa, ka kira ni sau biyu don in san ta inda kake. Kada ka taɓo ni ta baya. Kada ka kawar da komai daga inda ka same shi, ko kujera ko buta, don da ƙafa na haddace ɗakin. Ba sai ka kawo tsaraba mai kyan gani ba. Ka zo kusa ka durƙusa, ka cire hula, ka bar ni in nemi tabon nan da kaina. Kada ka aske gemun.

Rigunan masu launin ƙasa ina sa su a gida, tela ya iya ɗinki. Takalmin ya saki, yanzu daidai ƙafata. Har yau ina kakkaɓe shi da safe, yaran suna dariya.

Kujerar gaba kuma, kada ka bar ta ba kowa saboda ni. In ka samu wata tsohuwa a cikin baƙinka ka sa ta a nan. In kun kai bakin tafkin ka kashe mata mota, kada ka hanzarta ta.

Allah ya tsare gabanka da bayanka.

Innarka